Shekarar da Aka Ɗauki Babanku da Ransa

Abba da Safiya, wannan babin naku ne ku biyu, kuma ba zan sassauta muku ba. Na san abin da aka gaya muku a gidan kakanku na Ƙofar Wambai game da mutuwar babanku. Na san bakin da ya fara faɗa, na san bakunan da suka karɓa suka yi ta juyawa har ya zauna a kunnenku daram. Shekara da shekaru na yi shiru, wai don kada a ce mace ta buɗe baki a kan dangin mijinta, kuma shirun bai tsinana mini komai ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara ƙi, to bari in faɗi nawa tun harshen bai bi sahunsu ba.

A shekarar da nake magana ina koyarwa a wata makarantar koyon aikin lafiya a nan cikin Bauchi, a sashen agajin gaggawa. Yaranmu su ne waɗanda ake shiryawa su bi motar asibiti, su riga likita isa wurin haɗari, su tsai da jini, su ɗauki wanda ya karye ba tare da sun ƙara karya shi ba. Aiki ne na hannu tun daga farkonsa har ƙarshe, amma a makarantarmu hannu ba ya taɓa komai sai biro. Kada ku ce babu kaya, akwai. Akwai mutum-mutumin roba mai ƙirjin da ake dannawa, akwai gadon ɗaukar majinyaci da igiyoyinsa, akwai abin tallafe wuya, duk suna ɗaki guda cikin ledarsu, makulli kuma yana aljihun shugaban sashe. Ba a buɗe ɗakin sai masu duba makarantu za su zo. Ranar sai a share, a jera kaya, a fesa turare, a ɗauki hoto, baƙi su tafi, a mai da kwaɗo. Na je wurin mutumin nan har ƙafata ta gaji.

"Ranka ya daɗe, a ba ni makullin ɗakin gwaji. Yaran nan sun kusa fita, ko ƙirjin roba ba su taɓa dannawa ba."

"Malama Asabe, in suka lalata fa? Me za mu nuna wa baƙi?"

"Yaran za mu nuna musu, ranka ya daɗe. Ba don su aka buɗe makarantar ba?"

Sai ya yi dariya ya ce ina da zafi, ya jawo wata takarda ya hau karantawa, wato an sallame ni ke nan.

Da ƙila na haƙura kamar yadda kowa ya haƙura, ba don abin da na gani wata rana a hanyar Gwallaga ba. Ina cikin keke muka tarar da cincirindo, mota ta kaɗe ɗan acaɓa. Na leƙa sai ga wani tsohon ɗalibina, yaron da ya fita da sakamakon da muka yi ta yabo, sanye da rigar aiki, ya kama mutumin nan ta hammata yana ja, kan mutumin yana lilo a baya. Wallahi ban san lokacin da na diro daga keken ba. Na daka masa tsawa na ce wa ya koya maka haka, ina wuyan? Ya dube ni, ya gane ni, ya fara karanto mini matakan ɗaukar wanda ya yi haɗari tiryan-tiryan yadda na rubuta musu a allo, ko ɗaya bai tsallake ba. Duk suna kansa. Hannunsa ne bai san ko ɗaya ba. Na dawo gida ranar ko tuwo na kasa ci.

Babanku kafinta ne, shagonsa na Gwallaga, wannan kun sani. Abin da Safiya ba za ta tuna ba, don tana ƙarama, shi ne mutum ne mai ƙiba da son raha, wanda ba ya iya ganin mutum ya ɓata rai bai tsokane shi ba. Ya zauna ya ji ƙorafina har ƙarshe yana sakace.

"To Malama, shi gadon ɗaukar nan da zinariya aka yi shi?"

"Da roba mai ƙarfi."

"Tsawonsa fa?"

Na gwada masa da hannu.

"Ashe katako ne da ramukan riƙewa. Shi ne kika hana kanki tuwo?"

Kafin mako ya zagayo ya shigo da shi a bayan akori-kura, katako mai santsi, da ramukan hannu a gefe da gefe, da tsofaffin bel na mota a madadin igiya. Daga nan na sanar a aji cewa duk mai son hannunsa ya koyi abin da kansa ya haddace ya same ni a gidana na Tirwun ranar Asabar da safe. Lokacin unguwar ba ta cika ba, bayan katangarmu gonar dawa ce, tsakar gida kuwa fili fetal. Ban nemi izinin kowa ba, don na san amsar.

Kai, waɗannan Asabar ɗin! Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar lokacin ba. Tsofaffin zannuwana muka yayyaga suka zama bandeji. Soɓo ya zama jini, har Safiya tana kuka wai ana zubar mata da abin sha. Na cusa tsohuwar ƙwallo a tsakiyar buhun dusa na ɗinke, shi ne ƙirjin da suke dannawa, ina tsaye a kansu da muciya ina buga ƙasa don su bi saurin da ake so. Duk wanda ya lanƙwasa gwiwar hannu sai ya sake daga farko. Wanda ya danna da tausayi in ce masa wannan tausa ce, je ka yi wa kakarka. Sun yi gumi, sun yi ƙorafi, wata ma ta yi kuka ta ce na tsane ta, amma mako na zagayowa sai in gan su a ƙofa tun ban gama wanke-wanke ba. Biyu daga cikinsu sai kun riƙe sunansu. Akwai Buba, Bafulatani siriri daga gidan da suka bar kiwo suka zauna a gari, yaro mai shiru, in ka nuna masa abu sau ɗaya ya ɗauka ke nan. Akwai kuma Nkechi, 'yar wani mai sayar da kayan gini, a nan aka haife ta, bakinta ba ya rufuwa, Hausarta kuwa ba ruwanta da mace ko namiji.

Matsala ɗaya, in suka ɗauki junansu wasa suke yi. Duk ba su da nauyi, kuma wanda aka kwantar sai ya dinga taimaka musu, ya ɗaga kai, ya gyara ƙafa. Wanda ya suma ba ya taimakon kowa. Babanku yana zaune a gindin darbejiya yana kallo, sai ya tashi ya cire hula ya miƙa wa Abba.

"Ku matsa. Ga buhu na gaske ya zo."

Ya baje a ƙasa ya saki jiki gaba ɗaya. Ranar yaran nan suka san abin da ake kira nauyin mutum. Buba ya durƙusa ya riƙe kai da wuya, shi ke ba da umarni, sauran suka jeru suka mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, aka tura katako, aka ɗaure. Suka ɗaga, suka kusa kifar da shi, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "In kuka yar da ni sai kun biya sadakin wata matar ga Malama, au, wani mijin." Aka kwashe da dariya. Abba, kai ma ka yi dariya ranar har da riƙe ciki, ina ganinka. Tun daga nan kowace Asabar babanku ne majinyaci. Wata rana ya faɗo daga bene, wata rana mota ta kaɗe shi, shi yake ƙirƙiro labarin da kansa, kuma ba wanda ya taɓa roƙonsa.

Sai ranar da goggonku Larai ta zo. Ita ce babbar yayar babanku, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ba ni ta so ya aura ba. Ba ta cika zuwa Tirwun ba, ta ce nisa. Ranar ta zo kawo goron wani biki ba tare da aike ba. Mu kuwa muna matakin ƙarshe, wato fitar da majinyaci ta ƙofa mai ƙunci zuwa inda mota za ta tsaya, don wannan shi ne inda aka fi buga kan mutum da bango. Na ce a lulluɓe shi, haka ake yi wa wanda ya zubar da jini don kada sanyi ya kama shi, Nkechi ta jawo abin da ta samu a kan igiya, farin zanen gado ne. To ku dubi abin da idon goggonku ya gani tana sauka daga keke: samari sun fito daga gidan ƙaninta a jere, a hankali, ɗauke da katako, a kai mutum miƙe sambal cikin farin ƙyalle, ido a rufe, ni kuma ina biye da su. Ta saki ƙullin goro, ta kurma salati, ta zube a wurin. Maƙwabta suka firfito, mata suna leƙe ta katanga, wani tsoho har ya fara tambayar yaushe za a yi sallah. Babanku ya ji muryar yayarsa ya buɗe ido, ya ga abin da ke faruwa, sai ya yi abin da ya fi komai muni, ya fashe da dariya yana ɗaure a kan katakon.

Ban ga laifinta ba a kan firgitar, ko ni ce sai na zube. Na kawo mata ruwa na durƙusa.

"Yaya, ki yi haƙuri, gwaji ne muke yi da ɗalibai."

Ta ture kofin.

"Gwajin me? Gwajin kai shi kabari? Asabe, da ransa kika sa aka ɗora shi a makara, aka lulluɓe shi, aka fitar da shi ta ƙofar gidansa? Wane irin mugun fata ne wannan?"

"Ba makara ba ce, Yaya, gadon ɗaukar majinyaci ne."

"Ni za ki koya wa makara? Na ga ta uwata, na ga ta ubana. Duk abin da aka kwaikwaya kiransa ake yi. Ki ƙone katakon nan yau, in ba haka ba duk abin da ya sami yaron nan ke ce."

Mutum mai furfura a gemu take kira yaro. Ta tafi ko zama ba ta yi ba.

Ga abin da ba a gaya muku ba. Da yamma na ce wa babanku ya daina kwanciya, zan cika buhu da yashi su dinga ɗauka. Ya ce buhu ba shi da wuya, ba shi da kai, me za su koya? Ya ce ajalinsa yana wurin Allah, ba ya cikin katakon da shi ya fere da hannunsa. Ya ce in na daina saboda Yaya Larai to gobe numfashi ma sai na nemi izininta. Amma ba zan laɓe a bayansa ba, hukuncin nawa ne. Da na ce an daina, an daina. Na auna tsoron goggonku, na auna ɗan acaɓan nan da kansa ke lilo, na zaɓi in ci gaba. Abin da na rage kawai, ba a ƙara fita waje da shi ba, ba a ƙara taɓa farin zane ba. Katakon kuwa ban ƙone ba. Kuma ku ji da kyau, ko yau aka dawo da ni wannan yammacin haka zan sake zaɓa.

Ga abu na biyu da ba a gaya muku ba. Babanku yana da hawan jini tun kafin a haifi Safiya. Ni nake auna shi, ni nake faɗa da shi a kan magani. Ba ya sha sai kansa ya yi ciwo, in ya lafa ya ajiye ya ce ya warke. Kilishi da gishiri kuwa ko za a yanka shi ba zai bari ba. Duk gidan Ƙofar Wambai sun san wannan, goggonku ma ta sani, don ita ce mai aiko masa da jiƙe-jiƙe a galan. Da ya mutu ba wanda ya tuna.

Bayan damina hannun katakon ɗaya ya tsage, babanku ya tafi da shi shago ya gyara. Ranar wata Alhamis bayan azahar na aiki Buba da Nkechi su ɗauko, ni ina aji. Don haka ba na wurin, abin da zan faɗa daga bakinsu na ji, na kuma ji daga mai walda na kusa da shagon, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Babanku yana nuna musu gyaran, yana tsokanar Nkechi, sai ya dafa ƙirji ya ce kai, ya sulale tsakanin tebur da bango. Buba ya jawo shi fili, ya kira shi, ya duba numfashi, ya taɓa wuya. Babu. Yaron nan bai tsaya karanto komai ba. Ya durƙusa, ya haɗa hannu, ya miƙe gwiwar hannu, ya fara dannawa da dukkan ƙarfinsa yadda ya yi ta yi a kan buhun dusa, Nkechi kuma ta fita da gudu neman mota. Mutanen layin suka taru. Abin da suka gani, wani baƙon saurayi ya haye kan Malam Sani kafinta yana danne masa ƙirji, har suna jin ƙashi yana ƙara. Wani ya ce zai kashe shi! Wani ya ce a kawo ruwa a yayyafa masa, suma ya yi. Suka cafke Buba ta wuya suka fizge shi, ya ƙwace ya koma, suka sake fizge shi, wani ya kwaɗa masa mari. Nkechi ta dawo ta same su a haka, mai walda ya ce ihunta har bakin titi.

"Ku bar shi! Zuciya ya tsaya, shi yana taimaka Baba ne! Don Allah ku bar shi, Malama ne ya koya mana!"

Wannan maganar ta ƙarshe ita aka riƙe. Ba wanda ya riƙe sauran. Suka tsare Buba a gefe, suka yi ta yayyafa ruwa suna fifita, har motar ta iso. Da za a ɗauke shi aka rasa abin ɗauka, sai ga katako a jingine. A kansa aka ɗora shi, a bainar jama'ar Gwallaga. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ban sani ba ko da an bar Buba babanku zai tashi. Na koyar da abin nan tsawon rayuwata, na san sau da yawa ana yi ba a dace ba. Amma na san dama ɗaya ce yake da ita a duniya, kuma tana hannun yaron nan, aka fizge ta ana ganin taimako ake yi. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Baffanku yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ya ga shaida a ƙirji, ya ji haƙarƙari ya saki, ya fito ya faɗa wa yayarsa. Ranar sadakar uku, ɗaki cike da mata, ina zaune a kan tabarma cikin mayafi, goggonku ta ɗaga murya yadda na waje ma zai ji.

"Na faɗa ko ban faɗa ba? Ta yi ta gwada fitar da shi har ya fita. Katakon da na ce a ƙone, a kansa aka ɗauke shi. Da bai ƙarasa ba ta aiko yaronta ya karya masa ƙirji."

Ba wadda ta ce mata haba. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce Allah ya kyauta. Ni kuma ina takaba, an ce mai takaba ba ta ɗaga murya, na haɗiye. Abba, kana bakin ƙofa da buta a hannu, ka ji komai. Lokacin ka fara zama saurayi, kuma duk duniya ba ka da kamar babanka. Bayan 'yan kwanaki ka shigo ɗakina ka tsaya, ba ka zauna ba.

"Umma, da gaske ke kika koya masa ya danne ƙirji haka?"

"Ni na koya masa."

"Har ƙashi ya karye?"

"Har ya karye. In ana yi da gaske yakan karye."

Ka dube ni, ka juya ka fita. Ina da sauran bayani a bakina, ba ka tsaya ba, ni kuma ba zan bi ɗana da gudu ina rantsuwa ba. Kafin arba'in ka kwashe kayanka ka koma Ƙofar Wambai. Aka ce ai gara namiji ya tashi a gaban baffansa. Na san ba wannan ba ne dalili, kai ma ka sani.

Da na gama takaba na koma makaranta, takardar tuhuma na tarar tana jirana, wai na tara ɗalibai a gida ba da izini ba na zubar da mutuncin makaranta. Shugaban sashe ya yi mini ta'aziyya da baki ɗaya, da ɗayan ya ce, "Kin ga abin da nake gudu ko?" Aka ɗauke ni daga aji aka mai da ni ofishin ajiye fayil, a can na ƙarasa aikina har na yi ritaya. Mutum-mutumin nan kuwa yana nan cikin ledarsa har robar ta bushe ta tsattsage don kanta, ba hannun da ya taɓa shi. Buba bai dawo ba. Na neme shi har gidansu, ya fito ya durƙusa, ya rame ya yi baƙi.

"Buba, abin da ka yi daidai ne. Ko ni ce a wurin haka zan yi. Ka dawo ka rubuta jarrabawarka."

"Malama, in na rufe ido ina jin ƙarar ƙashin Baba. A unguwa yara suna nuna ni. Hannuna ba zai sake taɓa ƙirjin mutum ba."

Yaron da ya fi kowa hannu a duk waɗanda na koyar, yanzu yana sayar da katin waya. Nkechi ce ta ƙarasa, tana aiki a wani asibiti a kudu, takan kira ni ta ba ni labarin waɗanda suka farfaɗo a hannunta. Ina jin daɗi, amma ba ya cike mini komai.

Safiya, ke kin tashi a gabana, kin ji maganganun a bikin dangi kin dawo kina kuka, na ce ki share. Abba kuwa ya girma, ya yi karatu, ya yi aure, bai taɓa yi mini rashin kunya ba, wannan na shaida. Yana zuwa gaisuwar sallah, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya tambayi lafiya, ya dubi agogo. Bai ƙara cin abinci a gidana ba tun ranar da ya kwashe kayansa. In na zuba sai ya ce alhamdulillahi, a ƙoshe yake. Uwa tana gane ƙoshi, tana kuma gane wanda ke tsoron hannunta.

Bara goggonku ta kwanta ciwon ajali. Wata safiya sai ga Abba da kansa da mota, fuskarsa a sake yadda na manta rabon da in gani, ya ce Goggo tana nemana. Wallahi zuciyata ta yi sanyi. Na ce ashe tsufa da ciwo sun nuna mata gaskiya, za ta faɗa a gabanku cewa ta zalunce ni. A hanya har na shirya abin da zan ce, na yi niyyar ba zan bari ta wahala ba, tana buɗe baki zan ce ya wuce. Muka tarar da ɗakin cike, baffanku, 'ya'yanta, jikoki, Safiya ma an kira ta. Ta ƙanƙance a kan gado, sai ido. Ta miƙo hannu na kama.

"Asabe, kin zo?"

"Na zo, Yaya. Sannu da jiki."

"Tafiya zan yi. Ba na so in je gaban Allah da kowa a raina." Ta huta, ta ja numfashi. "Abin da kika yi wa Sani, na yafe miki. Duniya da lahira na yafe miki jininsa."

Ɗakin ya ɗauki kabbara. Mata suna share hawaye, baffanku yana cewa masha Allahu, Yaya kin cika babba. Ni kuwa hannuna yana cikin nata. In na ce ban yi komai ba, na ƙaryata mai shirin mutuwa a kan gadonta, a gaban 'ya'yanta, kuma har abada za a ce ga matar da aka yafe wa ta ƙi. In na karɓa, na sa hannu a kan abin da aka ɗora mini. Abba ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Umma, ki amsa mana."

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Abin da kowa ke faɗa ke nan, kuma kowa ya ji abin da yake so ya ji. Bayan kwana kaɗan ta rasu, Allah ya jiƙanta, ban hana ta addu'a ba.

Amma ranar da muka je wurinta, a hanyar komawa Tirwun, Abba yana tuƙi yana murmushi shi kaɗai. Da muka iso bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya shigo har tsakar gida ya zauna a kan tabarma, ya ce ko akwai sauran abinci? Na zuba masa dambu, ya cinye tas, ya nemi ƙari. Ya wanke hannu ya dube ni, ido cike da hawaye.

"Umma, yau na sauke kaya. Tunda Goggo ta yafe, ni ma na yafe miki."

Na ɗauki kwanon na shiga ɗakin girki, na daɗe a ciki. Shekarun nan duka ina jiran ɗana ya ci abincina, ya zo ya ci, kuma a matsayin wadda ta kashe ubansa aka yi mata afuwa ya ci.

Ranar na bar ka da farin cikinka, Abba, don na ga kana bukatarsa. Yau ba zan bar ka ba. Yafiyarka tana nan yadda ka kawo ta, ban taɓa ba, ka zo ka ɗauki abarka. Ban kashe babanka ba, ban kira masa mutuwa ba, Buba ma bai kashe shi ba. In ka karanta wannan kada ka zo mini da kuka, kada ka aiko matarka da ban haƙuri. Ka zo da ƙafarka ka ce ka yarda. In kuwa ba ka yarda ba, ka dube ni a ido ka faɗa, ina da sauran ƙarfin ji.